Hannun Da Ya Saba Da Linzami

Edita, bayan gaisuwa gare ka da masu karatu, ina roƙon ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kafin a sami mulkin kai, ni saurayi ne ban daɗe da haura ashirin ba, ƙaramin akawu a wani shagon sayen gyaɗa a Fagge. Gidanmu yana Rijiyar Lemo. Ban yi aure ba, ba ni da nauyin kowa a kaina, a cikin abokai bakina ya fi na kowa kaifi, kuma ciwo ɗaya ne ya kama ni, wato son babur. Ba ni da nawa, amma da an tashi daga aiki sai in tsallaka Sabon Gari, garejin wani bakanike mutumin Gabas, Kirista, wanda kowa ke ce wa Masta. In miƙa masa kayan aiki, in wanke masa filogi, shi kuma in ya gama gyara ya ba ni in zagaya in ji yadda injin yake. Da haka na ƙware, har ta kai masu babura in sun zo ɗauka sukan tambaya ko na riga na gwada.

Masta mutum ne mai surutu da dariya, Hausarsa irin ta Sabon Gari, amma in aka zo maganar totur ba ya wasa. Totur shi ne abin murɗawar nan na hannun dama: ka murɗo shi wajenka inji ya ɗauki wuta, ka mai da shi gaba wuta ta ragu. Yakan ce duk wanda ya gani kwance a kwata da babur a kansa, hannunsa ne ya kayar da shi. Abin da ya koya mini shi ne, in kana son babur ya tashi da ƙarfi ba a fizgar totur. Ka sauke wuyan hannunka ƙasa, ka matse tanki da gwiwoyi, ka sunkuyo da ƙirji gaba, sannan ka riƙa sakin kuloci, abin damƙar nan na hannun hagu, a hankali kana ƙara wuta daidai da yadda kake saki. Sai ka ji tayar baya ta kama ƙasa sosai, sannan ka ci gaba da murɗawa bai ɗaya har inda kake so. Dalilin sauke wuyan hannu, in ji shi, idan babur ya zabura jikinka baya zai yi, in kuwa hannunka na sama, nauyin jikinka ne zai ƙara murɗe totur, babur ya ƙara zabura, kai ka ƙara yin baya, shi ke nan ya ƙwace maka. In abu ya firgita ka kuma, gaba ake tura hannu. Ya maimaita mini wannan har na gaji da ji.

Mahaifina kuwa malamin zagaya makarantu ne. Aikinsa shi ne bin makarantun elementare na ƙauyuka yana duba malamai da karatun yara, kuma tun kafin a haife ni a kan doki yake yin wannan aiki. Yakan fita ya yi kwanaki, ya dawo ya yi baƙi ya rame, amma yana fara'a. A gida shiru-shiru ne, sai ranar fita rangadi, tun da sassafe za ka ji muryarsa a turke yana yi wa doki hira. Kowa a gidan ya san ransa a kan hanya yake. Ni ne ɗansa na fari, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu na wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Ba ya kiran sunana, ba ya kallon fuskata, ba ma zama a tabarma ɗaya. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa yana duban bango. In yana da saƙo gare ni, ƙanwarsa Gwaggo, wadda ta raine ni, ita zai gaya wa, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. 'Yan yau za su ce ƙiyayya ce, wallahi ba ita ba ce. Gwaggo ta sha gaya mini in na kwanta zazzaɓi ba ya iya cin abinci, sai dai ba zai leƙo ɗakin ba. Kunya ce, haka muka tarar, ni ma a lokacin ban ga aibinta ba.

Ana nan sai ofishinsu ya fito da sabon tsari. Makarantu sun ƙaru, doki ba ya iya gama su a kan lokaci, saboda haka za a ba masu zagaya babura. Wanda ya iya ya ci gaba da rangadi, wanda bai iya ba a ba shi tebur a ofis ko ya ajiye aiki. Abokan aikinsa masu irin shekarunsa yawanci tebur suka zaɓa. Baba ya ce wa Gwaggo shi in aka zaunar da shi bayan tebur an binne shi da ransa. Ya haura hamsin a lokacin, keke ma sama-sama ya iya, amma ya karɓi babur, wani baƙi mai nauyi ƙirar Ingila, aka turo shi har ƙofar gida unguwa na kallo. Dokin kuma ya ba wani amininsa na ƙauye, don ya ce ba zai iya hawan ƙarfe dokinsa na tsaye a turke yana kallonsa ba. Ranar da aka tafi da shi Baba bai fito cin abincin rana ba. Daga nan ba shi da abin komawa, ko dai ya iya babur ko ya rabu da hanya.

Duk unguwa an san ni ne gwanin babur, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa ni zan koya masa. Yaya ɗan fari zai tsaya a kan ubansa yana cewa yi kaza, bari kaza, ba haka ake yi ba? Yaya zan kama hannunsa in gyara? Sai Baba ya tambayi Gwaggo, ina zaune a wurin, ko wancan yaron ya san wani mai hankali da zai nuna wa mutum kan wannan abu. Na ce wa Gwaggo Masta, Gwaggo ta juya ta ce masa Masta. Da na kai wa Masta labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi bai taɓa ganin irinmu ba, uba da ɗa, gida ɗaya harshe ɗaya, amma sai da tafinta kamar Bature a kotu. Ya ce a garinsu da tuni uban ya ja kunnen ɗan ya ce zo nan ka koya mini. Na ce masa ya bar abin da bai sani ba. Ya dai yarda, kuma ya yi aikin tsakani da Allah. Da la'asar yake rufe gareji ya zo wani fili da ke bayan Fagge, yana kiran Baba da Malam, yana cire hula in zai yi masa magana.

A sanin mutane ni ba na zuwa filin. A gaskiya kuwa kullum ina can bayan wani kango, na jingine kekena ina kallo. Abin mamaki, Baba ya ɗauka da sauri. Wanda ya yi shekara da shekaru a kan sirdi ba a koya masa zama. Bayansa a miƙe, idonsa na nesa, ba ya tsoron abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ajiye babbar riga ya koma jamfa da wando, ya iya tayar da inji da ƙafa, ya iya sauya giya, ya iya tashi ba tare da babur ya mutu masa ba. Masta ya shiga koya masa tashi da ƙarfi, domin hanyar ƙauye akwai rafuka masu yashi inda in ba ka ba da wuta sosai ba sai ka kafe. Ina ganin Baba yana tashi a guje, yana dawowa yana ɓoye murmushi a gemu, ni ma a inda nake laɓe sai in ji daɗi ya cika ni. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a rai, wato yadda yake riƙe kan babur. Hannuwa a sama, gwiwar hannu a matse da jiki, yatsu a dunƙule, daidai yadda na taso ina ganin yana riƙe linzami.

Wata rana yana tafe a hankali sai akuya ta gifta ta gabansa. Kafin ƙiftawar ido na ga ya yi baya da jikinsa, ya miƙe ƙafafu, ya jawo hannuwansa biyu zuwa ƙirji. Inji ya yi wata irin kururuwa. Allah ya taimaka yatsunsa na hagu suna kan kuloci, jan ya haɗa da shi, don haka babur bai zabura ba, ihu kawai ya yi. Masta ya rugo yana dariya yana cewa Malam ya kusa sa akuyar mutane ɓari. Baba ma ya yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na gane abin da na gani. Wannan ya wuce kuskuren ɗan koyo da zai gushe gobe. Doki Baba ya tsayar. Mai doki in ya ga haɗari baya yake yi ya ja linzami, kuma hannunsa na yin haka tun kafin kansa ya yi tunani. A kan doki wannan ja shi ke ceton rai, a kan babur kuwa shi ne buɗe wuta gaba ɗaya. Wato duk ranar da Baba ya fi bukatar tsayawa, a ranar hannunsa zai ce wa babur tashi. Na koma gida ran nan ina tura keke, na kasa ma hawa.

Washegari na je gareji na zayyana wa Masta. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce ai ya sha gaya wa Malam ya sauke wuyan hannu, Malam ya ce to, ya sauke, in an jima ya koma. Na ce maganar ta fi ta wuyan hannu, doki ne a hannun nan. Sai an sa shi ya yi ta gwada tsayawar gaggawa, a riƙa jefa masa wani abu a gaba ba zato, har hannun ya koyi turawa gaba da damƙar birki. Masta ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa hawan doki ba, tsoronsu ma yake yi, in ya buɗe baki ya yi wa Malam maganar linzami zai zama abin dariya. Ya ce ni da na san doki na san babur, in je in faɗa da bakina. Na ce ba zai yiwu ba. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce to shi zai gwada. Ya kuwa gwada, amma Baba ya amsa masa cikin raha cewa ya hau dawakin da suka fi wannan ƙarfe taurin kai bai taɓa faɗuwa ba, linzami daban babur daban, shi ba yaro ba ne da zai haɗa su. Masta ya ji nauyin furfurar Baba ya bar maganar. A filin da babu kowa kuma, Baba na tsayawa tsaf in an ce ya tsaya, don haka ba abin da za a nuna a ce ga laifi.

Sai na koma ga Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Na zaunar da ita, na ɗauki muciya na riƙe kamar kan babur ina nuna mata, ga yadda ake murɗawa, ga abin da zai faru in an ja baya. Tana ta gyaɗa kai tana cewa ikon Allah, ikon Allah. Da ta shiga wurin Baba ina laɓe ina ji. Abin da ta faɗa masa shi ne, yaron nan hankalinsa ya tashi, yana cewa a riƙa tafiya a hankali, a riƙa addu'a kafin a hau. Baba ya ce Allah ya yi masa albarka. Shi ke nan maganar ta ƙare. Har gobe ban ga laifinta ba. Mace ce da ko kusa da babur ba ta zuwa, kuma ita ma ba za ta iya duban yayanta ta ce masa ɗansa ya ce riƙonsa ba daidai ba ne. Amma a ranar na fita raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin Masta, har akuyar nan ina jin haushinta, kowa dai ban da kaina.

Aka zo ƙarshen koyo, aka gwada shi aka ce ya iya, aka sa ranar da zai fara rangadi. Ana gobe zai tafi, da safe na shigo zaure in gaishe shi, na tarar yana goge babur da tsohon rawani. Na durƙusa, ya amsa yana duban tanki. Maimakon ya yi shiru kamar yadda ya saba in tashi, sai ya ci gaba da goge hannun totur, ya ce, kamar da babur ɗin yake magana, shi dai an ce ya iya, amma kowace dabba tana da halin da sai wanda ya daɗe da ita yake sani, ko akwai wani abin da ya rage wanda ba a gaya wa mutum ba. Gwaggo ba ta wurin. Ba kowa a zauren sai ni da shi. Edita, na san da ni yake. Wannan ita ce iyakar ƙofar da uba irinsa zai iya buɗe wa ɗan fari, kuma na san ba da sauƙi ya buɗe ta ba. Maganar tana bakina, na shirya ta tun tuni. Amma na ɗaga ido na ga furfurar gemunsa, sai harshena ya yi nauyi. Na ji kaina ina cewa babu komai, Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan dakata da gugar, ya ce amin, na tashi na fita.

A yinin nan ne ya ce zai leƙa Sabon Gari ya yi wa Masta godiya, a kuma ƙara duba masa inji. Na bi shi a baya a kan keke, nesa-nesa kamar kullum. Lokacin kakar gyaɗa ne, babbar hanyar da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari cike take da manyan motoci. Ya tsaya a bakin titi yana jira, da ya ga ɗan sarari tsakanin mota da mota sai ya sunkuya ya ba da wuta, kuma wallahi tashin ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ya tsallake. Amma a ɗaya gefen, daga bayan wata mota da ke tsaye, sai ga jakuna ɗauke da itace sun fito, mai su na biye da sanda. Na ga bayan Baba ya miƙe, kafaɗunsa sun yi baya. Na san abin da zai biyo, na buɗe baki na yi ihu, amma ƙarar inji ta haɗiye muryata. Wannan karon yatsunsa ba sa kan kuloci. Babur ya ɗaga tayar gaba, ya kauce wa jakunan da ikon Allah, ya tafi da shi kai tsaye ya haɗa da katangar wani shago. Har suka faɗi hannunsa bai saki ba, yana ja yana ja, tayar baya na ta juyawa a iska.

Ban san yadda na tsallake titin ba. Ni na kashe injin, ni na ɗaga babur daga kansa da wani ƙarfin da ban san ina da shi ba. Mutane suka taru, matan da ke sayar da kaya a bakin hanya suna kiran sunan Allah da yarensu, ɗaya ta kwance ɗankwalinta ta ba ni na ɗaure masa goshi. Masta ya rugo daga garejinsa da ke kusa, ba ko takalmi. Baba bai suma ba, yana kwance yana salati, hularsa can gefe, hannun damansa ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Ko a wannan hali, da ya ga ni ne na tallafo kansa, sai ya kawar da fuska. Muka sa shi a mota zuwa asibiti. Raunin goshi da na ƙafa sun warke, amma wuyan hannun ya karye wuri fiye da ɗaya. Likita ya yi nasa, daga baya maɗori ya yi nasa, ƙashi ya haɗe, sai dai ya haɗe a sandare. Yatsu na motsi kaɗan, yana iya jan carbi, amma wuyan hannu ba ya lanƙwasa. Ba totur, ba linzami, rubutu ma da ƙyar, don haka teburin da ya ƙi a da shi ma ya gagare shi.

Ofis sun yi masa haƙuri iya gwargwado, daga baya aka sallame shi cikin mutunci. Mutumin da ba ya iya daɗewa a gida ya koma zaman zaure, hannu a kan cinya, yana kallon masu wucewa. Ban taɓa jin ya ce komai ba sai alhamdulillahi, amma ya rame, kuma in ya ji takun doki a lungu sai ya ɗaga kai. Ni kuma na daina zuwa gareji, na daina hawa, abinci ba ya shiga. Kowa na cewa ƙaddara ce, kuma na yi imani ƙaddara ce, amma na san abin da aka tambaye ni a zaure da abin da na amsa. Masta ya gyara babur ya turo shi da kansa, ya zo da lemo a kwando, ya zauna a gaban Baba yana hawaye yana cewa laifinsa ne, Baba na ba shi haƙuri. Cikin kukan nan, da yake shi ba ya iya riƙe magana, sai ya fashe da komai. Ya ce yaron Malam ya hango wannan tun ranar akuya, kullum yana bayan kango yana kallo, ya zo gareji ya yi ta roƙo, ya ce doki ne a hannun Malam. Ina tsakar gida ina ji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da Masta ya tafi Baba bai tayar da maganar ba, aka kwana biyu a haka.

Ana gab da mayar da babur ofis sai Gwaggo ta kira ni, ta ce Baba ya ce a gaya wa wancan yaron ya zuba mai, yana so ya je ya yi sallama da malaman wata makaranta da aka buɗe a hannunsa, ba ya so su ji labarin barinsa aiki a bakin wani. Na tambaye ta wa zai kai shi, ta ce in daina tambayar banza. Da hantsi muka fita, ni a gaba shi a baya. Ya kama ƙarfen kujera da hannun hagu, ya ja jikinsa can ƙarshe don kada ko rigarmu ta haɗu. Muka bar gari. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har muka iso wani rafi da ya ƙafe, yashi mai zurfi, ga gaɓa mai tsayi a ɗaya gefen. Na tsaya a bakinsa. Na san ba a haye wurin nan sai da wuta sosai, na kuma san in na ba da wuta yana zaune haka, da hannu ɗaya, ta baya zai faɗo. Ban waiwaya ba, na ce masa ya matso, ya kama ni da hannunsa mai lafiya ya riƙe da kyau, ya kwanto da ƙirjinsa a bayana, kada ya yi baya ko me ya ji. Tunda nake ban taɓa ba shi umarni ba, muryata ma rawa take yi. Can sai na ji ya matso, hannunsa ya zagayo cikina ya damƙe riga. Na saki kuloci a hankali, taya ta kama, na ci gaba da murɗawa, muka keta yashin muka haye.

Da muka hau tudu ya taɓa kafaɗata alamar in tsaya. Na kashe inji a gindin wata ɗorawa. Ya sauko, ya zagayo, ya ɗora sandararren hannun nan a kan totur, ya dube ni ya ce in nuna masa. Na ce ai yanzu ba amfani. Ya ce ya sani, in nuna masa dai. Sai na kama hannunsa, na ji yadda ƙashin ya yi ƙulli a ƙarƙashin fata, na nuna masa yadda jan linzami ke buɗe wuta, yadda ake sauke wuyan hannu, yadda in an firgita ake turawa gaba, da yadda ya kamata a yi ta gwadawa a fili har hannu ya manta doki. Ban yi dogon bayani ba, don abin ba shi da tsawo. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce ashe maganar duka ba ta fi haka ba. Bai yi faɗa ba, bai tambayi dalilin shiruna ba. Ya ce shi ma ya san akwai magana a bakina ran nan, da ya juyo ya dube ni da ta fito, amma wuyansa ya ƙi juyawa. Ya ce mu biyu muka yi, kada in ɗauka ni kaɗai. A nan na tsuguna a gefen hanya na yi kukan da ban yi ba tun ranar haɗarin. Ya tsaya yana jira har na gama, muka hau muka ƙarasa.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, bai sake komawa rangadi ba. Ba zan yi ƙarya in ce mun zama abokan hira ba, amma daga ranar in ina da magana ina faɗa, shi ma yana ji. Ga masu koyon babur, musamman waɗanda hannunsu ya riga ya saba da wani abin hawa, kada ku ce kun iya don kun iya tashi a guje a fili. Ku sauke wuyan hannu, ku matse tanki, ku ƙara wuta a hankali, sannan ku gwada abin da hannunku zai yi ranar da kuka firgita, domin ranar nan ba zai nemi shawararku ba. Masu koyarwa kuma ku tambayi mutum abin da ya saba hawa kafin ku ɗora shi. Sauran maganata ga 'ya'ya ce da iyaye. Ba na zagin kunya. Har yau in na ga yaro na yi wa ubansa magana tsaye kamar sa'ansa raina ba ya so. Amma kunyar da za ta sa ka hango mahaifinka ya nufi rami ka ce masa Allah ya kiyaye hanya, wannan ta wuce ladabi ta zama cuta. Da na faɗa, iyaka ya ɓata rai, a ce yaron nan ba shi da ta ido, a kwana biyu ana maganata a gida, shi kuwa ya ci gaba da aikin da yake so da hannunsa lafiya. Ku kuma iyaye, in kun tambaya, ku juyo ku dubi wanda kuka tambaya. Ranar da Baba ya rasu ina cikin masu yi masa wanka. Da aka zo hannun dama na yi ƙoƙarin miƙe shi a hankali, ya ƙi, haka muka sa shi a likkafani. Duk mai wata magana a baki wadda za ta hana nasa jin rauni, don Allah ya faɗe ta yau, ko da muryarsa na rawa.